Ido Ba Mudu Ba Ne

Akwai wata takarda da ke bin kowane inji kafin ya bar ɗakin harhaɗawa. Layi-layi ce: an ɗaure kusoshi zuwa awo kaza, an zuba mai, an kunna na minti kaza, zafin boris ya tsaya a kaza, babu yoyo. A can ƙasa akwai ɗan fili da aka bar wa ma'aikaci ya sa hannu. A kan wannan ɗan filin zan yi faɗa yau, kuma da kai zan yi shi, kai da kake cike takardar a tsaye, ka jingina da teburin aiki, biro a hannu, hira a baki, injin kuwa yana can gefe ko ɗumi bai yi ba.

Kada ka ce min ba ka yi. Na daɗe a ɗakin gwaji, na san kamannin takardar ƙarya. Famfo goma aka haɗa, aka ce an gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi duk goman sun ba da lamba ɗaya, ba ƙari ba ragi, da biro ɗaya, da rubutu mai tsafta, ko ɗigon baƙin mai babu a jikin takardar. Ko 'yan biyun da suka kwanta ciki ɗaya ba sa yin kama haka. Awon gaskiya yakan ɗan yi sama ya ɗan yi ƙasa, takardar gaskiya kuma takan yi dauɗa, domin hannun da ya taɓa inji shi ne ya riƙe ta. Ranar da na fara kama irin wannan, a wani kamfani da ba sai na ambaci sunansa ba, na kira yaron na ce ya kunna min su a gabana. Na uku da muka ɗora, ruwa ya tsarto ta bakin gaskit kamar an huda salka. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi oga, jiya lafiya lau yake." Jiya ba a kunna shi ba. Na sani, shi ma ya san na sani.

Wataƙila a ganinka sa hannu wata al'adar ofis ce da aka ɗora maka don a cika fayil. To, shaida ce. Kana gaya wa mutumin da ba ka taɓa gani ba, wanda zai tsaya kusa da injin nan, ko ya hau shi, ko ya ɗora iyalinsa a kai, cewa ka duba, ka auna, ya yi daidai. In ba ka duba ba ka ce ka duba, sunan abin ɗaya ne a Hausa: shaidar zur. Da a gaban alƙali aka kira ka ka rantse a kan iyakar gonar da ba ka taɓa takawa ba, da jikinka ya ɗauki rawa. Amma a nan sai ka yi sau ashirin kafin azahar, ka wanke hannu, ka yi alwala, ka shiga sahun gaba.

Na san amsar da za ka ba ni, don na sha jin ta. Shekara goma sha biyar kana wannan aiki, hannunka ya san ɗauri, idonka ya san kusa. Har da karin magana za ka kawo min: ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ka riƙe rabin ƙarshe, ka yar da rabin farko, alhali rabin farkon shi ne naka.

Bari in ba ka labarin wani wanda ya fi ka daɗewa a aiki, idonsa ma ya fi naka sanin ƙima. A watan Yunin 1990, a filin jirgin saman Birmingham da ke Ingila, aka ce a canza gilashin gaban wani jirgin British Airways, samfurin BAC One-Eleven. Shugaban ma'aikatan dare da kansa ya karɓi aikin, tsohon hannu ne wanda ake yabo. Kusoshi 90 ne ke riƙe gilashin. Bai buɗe littafin kayan gyara ya ga lambar kusar da ta dace ba. Ya ɗauki tsohuwar da ya kwance, ya tafi neman irinta. Mai kula da sito ya faɗa masa lambar da ake sawa a wurin, ya ƙi ji, ya bi abin da ya ciro da hannunsa, bai san cewa tsofaffin ma ba su ne na wurin ba. Ya je wata ma'ajiya mai ƙarancin haske, bai sa tabaraunsa ba, ya riƙa jera tsohuwa da sabuwa yana kwatantawa da ido. Guda 84 daga cikin waɗanda ya ɗaura sun gaza kauri da abin da bai kai milimita ɗaya ba, kamar kashi biyu cikin uku na milimita. Sauran shidan kaurinsu daidai, amma sun gaza tsawo. Ya gama, ya sa hannu a kan aikinsa da kansa, ya tafi gida.

Ranar 10 ga wata jirgin ya tashi zuwa Malaga. Yana kaiwa sama da ƙafa 17,000 gilashin ya fice gaba ɗaya, iska ta fizgi matuƙin, Tim Lancaster, ta fitar da rabin jikinsa waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa kusan minti ashirin, kansa yana bugun jikin jirgi, su kuwa suna zaton gawa suke riƙe da ita, har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya rayu, har ya koma tuƙi. Mutumin da ya ɗaura kusoshin nan ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba ne. So yake ya gama aiki kafin gari ya waye, kuma ya amince da idonsa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan: sabon yaro yana jin tsoro, yakan duba littafi. Tsohon hannu ne ke cewa shi ya wuce nan.

Hannun naka da kake taƙama da shi kuma, me ya sani? Kusa ba ƙarfe ba ce da ake murɗawa har ta ƙi motsi. Idan aka ɗaure ta, miƙewa take yi kaɗan, kamar igiyar da aka ja, kuma wannan jan shi ne ke matse ƙarafa biyu su zama ɗaya. In jan ya gaza, girgiza za ta sassauta ta a hankali har ta gaji ta karye. In ya wuce kima, ta miƙe miƙewar da ba za ta dawo ba, ko zarenta ya cinye, ta zauna a wurin tana kama da lafiyayya. Abin da hannunka ke ji kuwa galibi ba jan ba ne. Kusan kashi tara cikin goma na ƙarfin da kake sawa a sufana gogayya ce ke cinye shi, a zare da kuma ƙarƙashin kan kusar, ɗan ragowar ne ke miƙa ta. Shi ya sa kusar da aka shafa wa mai da busasshiya, in ka ba su murɗi ɗaya, ba ɗauri ɗaya za su yi ba, kuma hannunka ba zai gaya maka ba. Lambobin da ke kan kusa, 8.8 da 10.9 da 12.9, ba ado ba ne, ƙarfin ƙarfen suke faɗa. Kai kuwa in ta shiga rami ta yi, ka ɗauko daga gwangwanin da kake tara tarkace.

Sufana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, tana nan a akwatinta sabuwa fil, ana fito da ita ranar da baƙi za su zo zagaya. In ma an ɗauko ta, sai ta yi ƙas, ka ƙara mata wani ja "don tabbatarwa", ka ɓata awon da ka nema. Ka gama ka jefa ta a aljihun tebur a ɗaure, ba ka sassauta ta zuwa ƙasa ba, sifirin cikinta yana ta gajiya. Yaushe rabon da a kai ta a saita? Ƙa'ida ta ce duk shekara, ko bayan ɗauri 5,000. Tambayi mai sito, zai kalle ka kamar ka yi masa Faransanci. Shi kuma murfin da ke da kusoshi a kewaye, an ce ka bi su a gicciye, daga wannan gefe zuwa kishiyarsa, a zagaye biyu ko uku, don ya zauna a shimfiɗe. Kai sai ka bi su a jere kamar mai jan carbi, ka matse gefe ɗaya tam, ɗaya gefen ya ɗaga, sannan ka zagi gaskit ka ce ɗan jabu ne.

Kada wani ya ce wannan zancen jiragen Turawa ne, mu ina ruwanmu. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma dattawan da suka yi aiki a kan layin nan sun san abin da ake nufi da awo da dubawa, 504 ɗin da suka haɗa ta sha hanyoyin Arewa shekara da shekaru. Ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Yau kuma je ka duk inda ake sayar da sababbin babura ka tsaya ka yi kallo. A kwali suke zuwa, yara ne ke haɗa su a bakin shago, ana biyan su a kan kowane guda, don haka gudu ake yi. Notin gatarin gaba, kusoshin kan babur, saitin birki, duk da sufana ɗaya, in ya yi tauri a zura mata bututu a taka da ƙafa. Ba wanda ya hau ya gwada birki, sai mai saye, shi ma a kan titi, da matarsa da goyo a baya. Haka injin niƙa, haka injin ban ruwa, haka A Daidaita Sahu. Jirgi in ya faɗi duniya ce ke bincike. Babur in tayarsa ta fita sai a ce tsautsayi, a yi jana'iza, ba mai komawa ya tambayi wanda ya ɗaure notin.

Sai guduma. Ban san wanda ya gaya wa kanikawanmu cewa guduma maganin kowace gardama ba ce. Boris ya ƙi shiga, maimakon a ɗumama shi zuwa wajen digiri 110 ya buɗe ya zame da kansa, ko a tura shi da matsi a kan zoben da ake sakawa, sai a kafa masa ƙarfe a yi ta duka. Kowane bugu yana barin ɗan lotsawa a hanyar da ƙwallayen ke bi, ido ba ya gani, bayan wata biyu sai kuka da zafi. Abu in ya ƙi shiga, magana yake yi maka: ko ba wurinsa ba ne, ko ka juya shi. A watan Yulin 2013 wata rokar Rasha, Proton, ta tashi daga Baikonur ɗauke da taurarin ɗan'adam uku na GLONASS, ta yi tangaɗi, ta juya kai ƙasa, ta tarwatse ko minti ɗaya ba a yi ba. Da aka tono tarkacen sai aka ga an saka wasu na'urorin da ke gaya mata yadda take juyawa a kife. An yi musu kibiya a jiki, an yi musu 'yan turaku don kada su zauna a juye, amma aka samu alamar cewa da ƙarfin tsiya aka danna su. Injiniya ya yi iyakar dabararsa don ya hana kuskure, ƙarfin hannu ya fi dabarar.

Wani laifin kuma kishiyar sa hannun ƙarya ne: ka yi aiki ka ƙi rubutawa. Ka kwance abu, ko ka ari kusa daga wannan inji ka kai wancan, ka ce ai yanzu zan mayar, sai lokacin tashi ya yi, ka kaɗe riga ka tafi, masu karɓar aiki su zo su tarar da takarda tana cewa komai a ɗaure yake. A watan Satumbar 2003, a masana'antar Lockheed Martin da ke Sunnyvale a Amurka, ana shirin kwantar da wani tauraron hasashen yanayi mai suna NOAA-N Prime a kan keken da ke juya shi. Wasu ma'aikata sun riga sun cire kusoshi 24 da ke riƙe faifan da ake ɗora shi a kai, ba su rubuta ba. Waɗanda suka zo daga baya ƙa'ida ta ce su duba da ido, sai suka duba takarda. Har wani daga cikinsu ya yi maganar cewa ga ramuka babu kusoshi, aka share zancensa. Suna karkata keken, tauraron ya zame ya daki daɓen siminti. Gyaransa ya ci dala miliyan 135.

Shekara ashirin bayan haka aka maimaita. Ranar 5 ga Janairun 2024, wani sabon Boeing 737 MAX 9 na Alaska Airlines, wanda bai cika wata uku da barin masana'anta ba, ya tashi daga Portland da mutum 177. Yana cikin hawa sai murfin da aka toshe gurbin wata ƙofa da shi ya fice. A masana'antar Renton an buɗe murfin don a gyara wasu ribit da suka lalace, aka mayar da shi, kusoshi huɗun da ke hana shi zamewa ba a mayar ba. Ba a rubuta cewa an buɗe ba, saboda haka ba a kira mai dubawa ba. Kujeru biyun da ke daf da wurin babu kowa a kansu ran nan. Rubutun layi biyu ne aka yi wa ƙyuya.

Yanzu na zo kanka, kai mai gwaji, don laifinka ya fi na mai haɗawa nauyi. Shi in ya yi kuskure, kai aka ajiye ka kama. Kai in ka yi, ba kowa a bayanka sai mai saye. Amma na sha ganin ka kana kallon agogon awo kamar abokin gaba. Allura ta tsaya inda ba ka so, ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ka karkata kai ka kalle ta ta gefe har ta yi kamar ta kai. Ka gwada sau huɗu ya faɗi, na biyar ya haye da ƙyar, ka rubuta na biyar. An ce a bar inji ya yi awa ɗaya yana aiki da kaya a kansa, ka ba shi minti biyar babu kaya, ka ce sautinsa ya yi daɗi. An ce a gwada tanki da ruwa, a matsa shi ya wuce matsin da zai yi aiki da shi, kai kuma don kada ka jiƙa wuri ka sa masa iskar kwamfuresa. Ruwa ba ya matsuwa, in tanki ya tsage sai dai ya tsarto ya huce. Iska kuwa tara ƙarfi take yi, in ta samu hanya da ƙarfen za ta tafi, da kai da duk wanda ke kusa.

Aikinka ba shi ne ka sa inji ya ci gwaji ba. An ɗauke ka ne ka nemi inda zai faɗi, tun yana hannunmu. Madubin Hubble, na'urar hangen sararin samaniya da aka harba a 1990, faɗinsa mita 2.4, an goge shi da ƙwarewar da ba a taɓa gani ba, amma zuwa siffar da ba ita ba ce. Kuskuren a bakin madubin bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba, ya kuwa isa ya sa hotuna su fito dishi-dishi. Dalili shi ne na'urar da ake auna madubin da ita, a kamfanin Perkin-Elmer, an haɗa ta da kuskure, wani gilashinta ya goce da milimita 1.3. Wasu na'urorin awo biyu sun nuna cewa akwai matsala. Aka yi watsi da su, aka riƙe wadda ke faɗin abin da ake son ji. Sai a watan Disambar 1993 'yan sama jannati suka je can sama suka yi masa tabarau. In masana irin waɗannan za su iya zaɓen ma'aunin da ya yi musu daɗi, kai da tsohon agogonka da ya faɗi ƙasa sau uku ba ka da hujjar sakin jiki.

Saura uzuri na ƙarshe, kuma shi ne mai ɗan ƙarfi: oga ne ke gaggawa. Mota tana waje tana jira, mai kaya yana ta waya, an ce in ba a fitar yau ba ba albashi. Gaskiya ne, kuma ogan da ke tsayawa a kan ma'aikaci yana cewa "kai dai sa hannu, ni na ɗauki nauyi" maƙaryaci ne, don ranar da abu ya lalace sunanka za a gani a takarda, shi kuwa zai ce bai taɓa faɗa ba. Ogan da ya ƙi sayen ma'auni, ya ƙi biyan kuɗin saita na da, ya sa mutum ɗaya ya haɗa ya kuma duba aikin kansa, yana da nasa kason, kuma babba ne. Amma kasonsa bai rage naka ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a ce ka yi tawaye ba. Biron nan da kake rubuta ƙarya da shi zai iya rubuta "ba a gwada ba", ko "an kwance, ba a mayar ba", da kwanan wata. In oga yana so ya fitar a haka, ga filin nan, ya sa nasa hannun. Za ka sha mamakin yadda gaggawarsa za ta ragu.

Kuma don Allah ka daina jingina wa ƙaddara abin da sufanarka ta yi. Mun yarda da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna. Kai ba ka ɗaure ba, ka rubuta cewa ka ɗaure.

Famfunan nan goma, kwana biyu muka yi muna sake su, mota ta koma wayam, na sha faɗa daga sama har da barazanar kora. Huɗu suka faɗi gwaji. Biyu gaskit ne aka matse a karkace. Ɗaya notin fankar ciki ne aka bari da ɗaurin hannu kawai. Na huɗun da muka buɗe, tsumma muka ciro daga cikinsa, wanda wani ya cusa don kada ƙura ta shiga ya manta. Manoman rani ne suka yi odar su, da kuɗin bashi, tumatirinsu yana tsakiyar fure.